Ƙofar da Inna Ta Roƙa

Shekara biyu ko uku da samun mulkin kai, autanmu ya dawo Hunkuyi daga Zariya ya zama malamin gona. Ya zo da babur, da gajeren wando, da wata doguwar takarda a nannaɗe wadda ya fi tattalinta a kan idonsa. Ni a lokacin mijina ya rasu, na gama takaba na dawo gidanmu ina zaune da Inna. Saboda haka ba labari aka ba ni ba, a gabana aka yi komai.

Takardar nan zanen gida ce. Shi filan yake ce mata, yana wani murɗe baki. Wani akawu ne ya kwafo masa daga gidajen da Turawa suka bari. Ya shimfiɗa ta a kan tabarmar Inna, ya danne gefenta da ludayi da faifai, ya ce bangalo zai gina a nan cikin gidan ubanmu. Ɗakuna duka a ƙarƙashin kwano ɗaya, ba sauran yawo a tsakar gida cikin ruwan sama kamar kaji. Na ce masa kajin nan su suka raine shi. Bai ko dube ni ba.

Na tambaye shi ina zaure. Ya ce falo ya maye gurbinsa. Na tambayi inda za a girka tukunyar tuwon mutum goma sha. Ya nuna mini wani ɗan akurki, wai kicin, wanda ko turmi aka shigar sai dai a yi daka a durƙushe. Amma falon kuwa, ya cinye kusan rabin takardar. A nan za a jera kujeru da akwatin rediyo, a nan zai riƙa saukar manyan baƙi. Har yau da nake wannan rubutu ban ga manyan baƙin ba, sai dillalan rake da masu neman takin zamani.

Ranar da za a fitar da harsashi, aka rushe katangar gabas da rumbu biyu, aka share fili. Auta ya ɗauko birkila daga birni, amma don kunyar idon jama'a ya kira tsohon maginin unguwarmu, wanda hannunsa ya gina kowane soro a layinmu. Aka kafa turaku, aka ja igiya, aka bi ta da toka. Kafin la'asar gida ya kwanta a ƙasa fari fat, Auta yana tsallake layuka da sanda a hannu, sai ka ce shi ya raba ƙasar Zazzau.

Sau biyu ina kallo ya sa aka matsar da igiyar falo. Duk matsawar kuwa daga jikin lungun da ake bi zuwa ɗakuna ake yanka, wanda yake kira korido. Lungun nan ya miƙe, sannan ya yi kwana ya dosa ɗaki na ƙarshe. Wannan ɗakin ya ware wa Inna, wai don ta yi nesa da hayaniya.

Inna ta fito da kanta, tana dogara bango. Ta ce, "Auta, nuna mini inda zan kwana."

Ya riƙe hannunta, ya bi da ita tsakanin layukan toka, yana ta bayani. Ta tsaya cikin ɗakin nata, ta dubi gabas ta dubi yamma. Sai ta ce mini in ɗauko gwangwalar da muke shanya a kanta. Ta auna kamu huɗu da hannunta, ta sa magini ya sare sauran. Sannan ta riƙe ta a kwance a gefen ƙugunta, ta fito ta ƙofar da aka zana, ta bi lungun a hankali. Tana zuwa kwanar, kan gwangwalar ya haye layin falo, gindinta ya haye layin sito. Ta ja baya ta sake gwadawa, haka dai.

Ta ce, "Ban fita ba."

Ya yi dariya ya ce, "Inna, wa zai shiga ɗaki da gwangwala?"

Ta ce, "Ba gwangwala ba ce, tsawon makara ne. Ɗaki da ƙafa ake shiga, amma a kafaɗar mutane ake fita. Ni dai kada a tanƙwara ni, kada a tayar da ni tsaye. Uwata a miƙe ta fita, ubanku ma haka."

Tsohon magini ya ce gaskiya ta faɗa. Ya ce su tun suna bin iyayensu wurin gini, ba a yanka ƙofar ɗakin tsoho sai an tuna da ranar fitarsa, shi ya sa kowane ɗaki bakinsa ke kallon tsakar gida. Inna ta koma cikin ɗakin tokar, ta share layin bangon kudu da ƙafarta, wajen kamu uku. Ta ce a yi mata ƙofa a nan. Don ta sha hantsi, ta ga awakinta, ran da aka kira ta kuma a fitar da ita ba tare da wahalar da kowa ba.

Sai Auta ya ɓata rai. Ya ce ana zancen gina gida ana kawo zancen mutuwa. Ya ce filan ba a taɓa shi, injiniya ne ya auna, ƙofa a nan za ta ɓata fuskar gini. Filan ɗin da ya matsar sau biyu don falo, yanzu ya zama abin da ba a taɓawa. Na faɗa masa haka a gaban birkilan. Ya ce, "Yaya, abin da ba ki karanta ba ki bar wa waɗanda suka karanta." Ya ɗebi toka da hannunsa ya mayar da layin. Magini ya karkaɗe rigarsa ya yi sallama, bai sake takowa wurin ginin ba.

Inna ba ta ƙara magana ba. Laifinta ke nan a wurina, Allah Ya gafarta mata: tun yana goye ba ta iya ce wa Auta a'a sau biyu. Ni kuma na yi ta masifa har aka fara cewa baƙin ciki nake yi da arzikin ƙanena.

Aka gama gida, aka yi masa farar ƙasa, mutane suka riƙa zuwa kallo daga ƙauyuka. Aka rushe ɗakin Inna na da, aka kai ta ƙarshen lungu. Taga ɗaya gare shi, ƙarama, an gitta mata ƙarafa saboda ɓarayi. Shekara huɗu ta yi a ciki. Da farko takan lallaɓo ta fito baranda. Da ƙafa ta ƙi, sai ta daina, don hanyar ta falo take bi, ita kuwa ba za ta ratsa maza da rarrafe ba. Ni nake shiga in gaya mata akuya ta haihu, ko gero ya fitar da kai. Gwangwalar nan tana jingine a bayan ƙyaurenta, ta hana a fitar.

Ta rasu wata Talata da hantsi, bayan an gama yankan dawa. Muka yi mata wanka a ɗakin, muka suturta ta. Aka kawo makara daga masallaci. Maza biyu suka shigo da ita, suna zuwa kwanar ta cije. Suka karkata ta, suka ɗaga, suka sauke, farar ƙasa tana zuba a kansu. Liman da jama'a suna tsaye a rana suna jira.

Auta yana bakin lungun, idonsa ya yi ja, don kuka ya yi shi da gaske, ba zan zalunce shi ba. Amma da ya buɗe baki, abin da ya ce shi ne, "Ko a naɗo ta a tabarma, a ɗan tayar da ita a kwanar? Abu ne na minti ɗaya."

Na yafe masa abubuwa da yawa a duniya. Wannan maganar na yi ƙoƙari, ta ƙi fita daga raina.

Na fita ta kicin, na ɗauki taɓaryar Inna, na zagaya bangon kudu, na fara dukan siminti. Ƙarfin mace mai shekara hamsin bai taka kara ya karya ba, ɓawon bangon kawai nake zubarwa. Sai na ji an riƙe taɓaryar. Tsohon magini ne, ya fito daga sahun masu jiran salla. Ya aika aka kawo masa diga da guduma. Bai nemi izinin kowa ba, bai kuma tambayi wuri ba, don ya tuna. Samari suka karɓa, kafin azahar bulo ya zube, rana ta shiga ɗakin har kan gadonta.

A miƙe ta fita, a kafaɗar mutum huɗu, ta gaban turken awakinta. Auta yana cikin masu ɗauka.

Bayan sadakar bakwai ya kira kafinta da birkila, aka gyara ɓarakar aka sa ƙyaure mai kyau. Daga baya na sha jin baƙi suna yaba masa dabarar wannan ƙofa, yadda take shigo da iska, shi kuma yana gyaɗa kai. Na tsaya a kan kafinta da birkilan ranar da suka yi aikin. Da safe suka fara, kafin la'asar sun wanke hannu. Aikin yini ɗaya ne, shi Inna ta roƙa, ta zauna shekara huɗu tana jira.