Ruwan da Shanu Suka Ƙi Sha

A shekarar farin nan da sojoji suka karɓi mulki, ina aiki da sarwis ɗin ruwa na Tasawa. Rijiyoyi sun ƙafe, aka tura mu wani ƙauye kusa da Korgom mu haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse. Muka sami ruwa garau, amma yana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Mata suka juya da tulunansu, wai rijiyar iskoki ce. Wani dattijon Bafulatani ya kawo shanunsa, duk ƙishirwarsu suka sunsuna suka kau da kai.

Kumandan, wani soja mai gajen haƙuri, ya zo ya ce a toshe ramin kafin ruwan ya kashe mishi mutane.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni kwana uku."

"In ka kasa fa?"

"Ba zan kasa ba."

Na san abin da na taka. Lokacin horonmu a Maraɗi, wani injiniya ya nuna muna wata fata siririya da ake fitar da wari daga ruwa da ita. Iska na ratsa ta, ruwa ba ya wucewa. Ya ce irin wannan warin iska ce da ta narke cikin ruwa, in ta sami ƙofa sai ta fita. Ba mu da fatar, amma ƙofa ba ta gagare mu ba.

Na huda gindin tono uku, wato gangunan ƙarfe, da ƙusa, muka jera su bisa katako, wani saman wani, ruwan na zuba kamar yayyafi. Wata tsohuwa maginiyar tukwane ta tsaya tana kallo.

Ta ce, "Ɗana, kada ka tare shi a ƙarfe. Randa ita ke numfashi."

Ta kawo sabbin randuna masu faɗin baki, muka tara ruwan a ciki, muka rufe su da farin ƙyalle don wari ya fita, ƙasa kar ta shiga.

Rana ta uku da hantsi na cika kwalla, Bafulatanin ya jawo wata ramammiyar saniya. Ta sa baki, ba ta ɗago ba sai da ta ga gindi. Kumandan ya karɓi moɗa ya kurɓa, ya goge gemu, ya ce in shirya kayana, akwai wani ramin mai wari wajen Attantane. Tsohuwar ta ba ni randa biyu, na ɗora a bayan mota.