Mijin Ermelinda Ba Ya Zama

A Velim, idan mace ta ce mijinta yana jirgi, ba a tambayarta aikin da yake yi a ciki. Rabin mazan garin nan a jirgin ruwa suke. Idan sun dawo hutu da agogon zinariya da baƙin tabarau, ka ji su a shagon giya, sai ka rantse kowannensu shi ke tuƙa jirgin. Ƙarya ce. Wanki suke yi, da ferar dankali, da gyaran gado. Anselmo Barreto shi faranti ya ɗauka. Shekara talatin da huɗu yana kai wa Turawa miya a ɗakin cin abinci na manyan jiragen nan na masu yawon shan iska, wata tara a ruwa, wata uku a gida.

Matarsa Ermelinda kuwa tana nan. Tana da shekara ashirin da biyu aka ɗaura musu aure a cocin garin, kwana goma sha tara da biki ya ɗauki akwati. Ta haifi Royston ba ya nan, ta haifi Glenda ba ya nan. Ita ta yi jinyar uwarsa shekara shida, tsohuwar da har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa cewa miyar kifin surukarta ta yi daɗi ba. Ita ke hawa tsani ta duba rufi kafin damina, ita ke faɗa da masu tsinko kwakwa, ita ke zuwa makaranta idan Royston ya fasa wa ɗan wani kai. Matan unguwa kuma su ce ta ji daɗinta, matar ɗan jirgi, ga turare ga cakulan. To su zo su ci cakulan ɗin mana, a ga ko yana toshe yoyon ɗaki.

Teku kuwa, ga shi nan kusa, tafiyar minti goma sha biyar a babur, amma ba ta taɓa tsoma ƙafarta ba. Ta ce ba ta da abin da za ta gaya masa.

Da gwiwa ta gaza Anselmo ya ajiye aiki, Ermelinda ta sa kafinta ya goge tsohon teburin gidan, mai kujera takwas, ta ce yanzu dai za ta ci abinci da miji kamar kowace mace. Ranar farko ta dafa shinkafa da miyar kwakwa, ta soya kifi. Anselmo ya ja mata kujera, ya ajiye mata faranti, ya zuba mata ruwa, ya koma bayanta ya tsaya, hannu ɗaya a baya.

"Zauna mana."

"Ci abinki, ina zuwa."

Bai zo ba. Da ta gama ya kwashe kwanuka, ya shiga kicin, ya zuba nasa, ya cinye a tsaye jikin wurin wanke-wanke, fuska a bango, cikin minti biyar. Can a jirgi haka suke ci, tsakanin fitar baƙin farko da shigowar na biyu. Lokacin da yake zuwa hutu ba ta lura ba, don gidan cike yake da dangi masu zuwa karɓar tsaraba, ta ɗauka karamci ne ke hana shi zama.

Shekara shida ke nan ana haka. Ta yi lallashi, ta yi zagi. Wata rana ta jefe shi da cokali, ya cafe, ya kawo mata wani mai tsabta. Ta kai shi ƙara wurin Fada, limamin cocinsu, ya ce ta gode Allah, wasu mazan ko kofin da suka sha shayi ba sa ɗagawa. Ranar auren Glenda, uban amarya guda, cikin kwat ɗin da aka ɗinko masa a Margao, aka gan shi yana bin tebura yana tattara kofuna. Mutane suka yi ta dariya. Ina abin dariya a nan? Mace ta jira shekara talatin da huɗu, aka dawo mata da boyi.

Ana saura wata biyu su cika shekara arba'in da aure Royston ya kira daga Ingila, ta wayar nan da ake ganin mutum, matarsa Sharlet na manne da kafaɗarsa.

"Mami, matso. Dadi, zauna mana, cikinka kawai nake gani."

"Ubanka ne, ka san shi. Faɗi abin da za ka faɗa."

Sharlet ce ta faɗa, don a gidan Royston ita ke faɗar komai. Za su biya musu hutu, su zaɓi ɗaya. Ko jirgin shan iska daga tashar Mormugao, kwana biyar a ruwa, ko kuma otal a bakin teku can Kerala, irin wanda ake biya sau ɗaya, kwana da ci da sha duk a ciki, a ɗaura maka wani zoben roba a hannu, ka ci har ka gaji.

"Jirgi," in ji Anselmo, tun ba ta rufe baki ba.

Ermelinda ta waiwayo ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Jirgi. Shekara talatin da huɗu ba su ishe ka ba? Akwai farantin da ka manta ba ka ɗauke ba ne?"

"A matsayin baƙo zan shiga, Melinda."

"Baƙon wa? Duk wanda ke wanke tukunya a jirgin nan ko ɗan Velim ne ko ɗan Assolna. Kafin a ɗaga anga sun ja ka ƙasa wurin cin abincinsu, ku baje hirar guguwar da kuka sha, ni kuma a bar ni a sama da 'yan Delhi, ina amai a leda."

"Mami, ba a amai a irin waɗannan," in ji Sharlet. "Kamar gida ne."

"To in kamar gida ne ai ina da gida, 'yar nan."

Aka kwana bakwai ana abu ɗaya. Ita dai ba don otal ɗin ya burge ta ba ne. A ganinta duk kanwar ja ce. Jirgi akurki ne mai iyo, a cusa mutum dubu biyu, a kaɗa musu ƙararrawa su fito su ci kamar kaji. Otal kuma a ɗaura wa babbar mace roba a hannu kamar jaririn asibiti, ta kwanta a rana kusa da kududdufi mai warin magani, alhali tun tana yarinya take gudun ranar nan da laima. Amma otal a ƙasa yake, ba ya motsi, kuma babu ɗan Velim ko ɗaya a kicin ɗin Kerala. A can, in ji ta, ba shi da inda zai gudu. Abin da take so ke nan, ba ta kuma ɓoye wa kowa ba: mutumin nan ya zauna gabanta, su fara abinci tare su gama tare, ko sau ɗaya ne kafin a kai ɗayansu bayan coci.

Shi kuma ba ya musu, ba ya bayani. Sai dai ya goge tebur ya ce, "Jirgi ya fi."

Sharlet ce ta kawo shawarar gwaji. Akwai irin otal ɗin nan a Cavelossim, ƙetaren kogi, ana shiga ran Lahadi a ci abincin rana a fito. Su je su gani da idonsu. Ermelinda ta ce wannan ce magana mai ma'ana ta farko da yarinyar ta yi tun da aka auro ta.

Bayan an tashi daga coci suka hau babur, ita da rigarta mai furanni shuɗi, shi da farar riga da baƙin wando, don duk kayan fitarsa haka suke. Aka ɗaura musu robar a ƙofa. Suna shiga ɗakin cin abinci ta ga kuskurenta, tun ba su kai ga tebur ba. Ba mai kawo wa kowa abinci. An jera tukwanen ƙarfe tun daga wannan bango har wancan, kowa ya ɗauki faranti ya ɗebi abinsa, manyan mutane da gajeren wando suna ture juna a kan jatan lande kamar an shekara ba a ba su abinci ba.

Anselmo ya ja mata kujera ya ce, "Me za ki fara da shi?"

"Zauna tukuna."

"Bari in ɗebo miki kafin ya ƙare."

Ya kawo miya. Ya koma ya kawo kifi. Ya koma ya kawo burodi, ya dawo ya ce cokalin nan da tabo, ya tafi neman wani. Sau goma sha ɗaya ya je ya dawo, kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Kujerarsa ko ɗumi ba ta yi ba. A hanya ya gyara wa wani tebur adiko, ya ɗauke farantin da wata ta bari a bakin tebur don kada ya faɗi.

Sai wani mai ƙaton ciki, da sarƙa a wuya, zaune da 'ya'yansa uku, ya ga dattijo da farar riga da baƙin wando. Ya kaɗa masa yatsu.

"Kai! Ruwan sanyi, kwalba biyu. Ka yi sauri."

Anselmo ya ɗan rusuna, ya ce, "Yanzu, yallaɓai." Ya je ya kawo. Har da zuba masa.

Ermelinda ta miƙe, ta je har teburin. Ba ta ɗaga murya ba, amma har masu kicin sun ji.

"Malam, ka ga robar hannunsa? Irin taka ce. Mijina ne. In ƙishirwa ta dame ka, Allah ya ba ka ƙafa biyu, ko da yake na ga sun sha kaya."

Ta finciki Anselmo suka fita, kifinta ko rabi ba ta ci ba.

A kan gadar kogin Sal ta dunguri bayansa ya tsayar da babur. Rana tsaka, masu kamun kifi na ƙasa suna gyaran koma.

"Ka kunyata ni, Anselmo. A gaban 'yan gajeren wando."

Ya daɗe yana murza robar hannunsa.

"Ai na ce miki jirgi."

"Jirgi, jirgi! Mene ne a jirgin?"

"A jirgi baƙo ba ya tashi." Ya share wuya da hankici. "Kowane tebur da mai kula da shi. In baƙo ya miƙe ya ɗauko ko gishiri ne da kansa, oga na gani, ya rubuta sunan mai teburin. Sau uku aka rubuta ka, ba za a sake kiranka wata tafiyar ba. Na ga an yi wa mutum mai 'ya'ya huɗu. In na shiga a baƙo, aka ba ni tebur, wanda zai tsaya a kaina ɗan yankinmu ne. Ko wuta ce a kujerar, ba zan tashi in ja masa ba."

Ermelinda ta dube shi. Ta kama ƙugu.

"Wato ni na roƙe ka shekara shida ba ka zauna ba, amma za ka zauna saboda ɗan wani."

"Ke ba a korar ki daga aiki."

"Kuma tun ranar da yaron nan ya kira ka san haka, ka bar ni ina ta zuba kamar rediyo?"

"Ba ki tambaye ni ba."

Ta yi tsakin da sai da wani mai koma ya ɗago kai. Da suka isa gida ta sa almakashi ta datse robar, ta kira Ingila.

"Royston, ba ni matarka. Sharlet, jirgin. Kar ki tambaye ni. Amma ki gaya musu tebur na mutum biyu nake so, a inda ake kawo wa mutum abinci, ba wurin wawaso ba. In suka haɗa ni da wasu, a tasha zan sauka."

Jirgin kuwa duk abin da ta faɗa a kansa gaskiya ne. Ɗakin da aka ba su bai kai ɗakin ajiyar kwakwarta ba, tagar ba ta buɗewa, kiɗa ko'ina kamar gidan biki. Tun kafin a bar tasha ta ajiye ledar amai kusa da ita. Ƙarfe shida da rabi aka kira cin abinci. Wanda ke kula da teburinsu wani magidanci ne mai furfura a gefen kai, Remedio, ɗan Assolna. Yana ganin Anselmo ya gane shi.

"Kawu! Kai ne a wannan gefen?"

"Yi aikinka," in ji Anselmo, murya ƙasa-ƙasa. "Ogan naka na kallo."

Remedio ya ja wa Ermelinda kujera, sannan ya ja wa Anselmo. Anselmo ya tsaya yana kallon kujerar. Sannan ya zauna, a bakin-bakinta, hannu biyu dafe da tebur.

Miyar ba gishiri, kifin kuma da a kasuwar Margao ne da ta mayar wa mai shi. Ermelinda ta karɓi takardar jerin abincin, ta nuna na farko, ta bi da yatsa har na ƙarshe, ta ce duka. Can a wani tebur cokali ya faɗi ƙasa. Kafaɗar Anselmo ta zabura, gumi ya tsattsafo masa a goshi, amma bai tashi ba. Farantinsa tuni ya share shi, cikin minti biyar ɗinsa.

"Na gama," ya ce.

"Ni ban gama ba," in ji ta. Ta yanki kifi ɗan mitsitsi, ta sa a baki, ta fara taunawa a hankali. Saura kala huɗu.