Layin Waɗanda Suka Warke

Malam Habu, daren jiya na yi wani mafarki wanda har yanzu ya hana ni sa komai a bakina. Matata Rabi ta dama koko, na ɗaga kofin na kai hanci, na mayar na ajiye. Na san abin da za ka fara cewa, mummunan mafarki ba a yawo da shi. Na yi tofi, na nemi tsari, na juya kwanciya. Amma abin ya ƙi sakina, shi ya sa na ce gara in kawo maka.

Ka san aikin da aka yi mini bayan ƙaramar Sallah, lokacin da fitsari ya ɗauke mini gaba ɗaya. Naman nan da ke ƙasan mafitsara ne ya kumbura ya toshe hanya. To a cikin wani bincike aka yi mini aikin. Likitocin hanya biyu suke gwadawa su ga wacce ta fi: wasu a yanka su ta mara, wasu kuma a shiga da na'ura ta hanyar fitsarin a kankare naman ba tare da yanka ba. Ni ta biyun ce ta faɗo kaina. Dakta Shu'aibu, matashin likitan da ke kula da mu, ya zaunar da ni ya yi mini bayani kafin in yarda, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Kuma aiki ya yi, fitsari yana fita. Sai dai tun daga ranar da aka cire mini robar fitsari yake ɗiga. In na yi tari, in na miƙe daga zaune, in na sunkuya ruku'u. Na gaya masa, ya ce yawanci yakan ragu a hankali. Ni da na tashi cikin sayar da turare tun ina saurayi, yau ni ne da ƙunzugu a cikin wando.

A mafarkin, ga ni a shagona da rana tsaka, ina ɗura turare a ƙananan kwalabe kamar kullum. Wata mata ta zo ta ce in ba ta na amare. Na ɗauko, na buɗe, na ɗiga mata a bayan hannu. Abin da ya fito rawaya ne mai duhu, da zaren jini a ciki. Zarninsa ya buge ni har cikin ido. Matar ta shinshina, ta ce ya yi, ta goga a wuyanta da bayan kunnenta. Na juya na duba kanta, kwalaben nan duk haka suke tun daga sama har ƙasa, wasu har da farin guiɓi kwance a gindinsu. Mutane kuwa sai shigowa suke suna miƙo hannu. Wani dattijo ya shafa a gemunsa. Na ce musu, «Ku tsaya, wannan ba turare ba ne.» Ba wanda ya ɗago kai.

Sai kawai na gan ni a barandar asibiti. Asibitin ne dai, ga benci, ga taga inda ake karɓar kati, amma ƙasan irin na kwatar mahauta ne, siminti mai santsi da kwata a tsakiya. Ruwa ya kai mini idon sawu, kuma ba ni da takalmi. Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne ruwan da ɗumi. Auduga da bandeji da aka yi amfani da su suna yawo a kai, suna manne mini a ƙafa. Ƙudaje kore shar sun rufe bango.

Maza ne zaune a benci, sahu guda har inda ido ya ƙare. Kowa da jakar fitsarinsa a cinya, ya rungume ta kamar jariri. Wata ta cika har ta yi tumbi, wata ja ce wur, wata kamar ruwan tsamiya. A cikinsu na hango Baba Ilu, wani tsoho mai saƙar tabarma da muka kwanta gado kusa da gado. Shi yankawa aka yi masa, kuma tun da aka sallame ni ban sake jin labarinsa ba. Na yi masa sallama, na ce, «Baba, ya jikin?» Bai amsa ba. Sai ya ɗaga rigarsa ya nuna mini mararsa. Ɗinkin a buɗe yake, wani ruwa yana tsattsafowa, shi kuma yana dannawa da yatsa a hankali kamar mai duba nunar gwanda. Fuskarsa ba alamar ciwo.

Wata murya ta fito daga lasifika. Ba ta namiji ba ce, ba ta mace ba, kuma ba ta da hawa da sauka. Ta ce, «Waɗanda suka warke su bi dama.» Ta sake faɗa. Na tsaya ina jiran in ji inda sauran za su bi, ba ta faɗa ba. Na duba hagu, bango ne kawai. Mutanen nan duk suka miƙe da jakunkunansu suka bi dama, har Baba Ilu riƙe da cikinsa. Wani ya tura ni ta baya, na bi su.

Sai kawai muka faɗa wani babban ɗakin taro irin wanda ake biki, da labule masu sheƙi da fanka a sama. Likitoci ne cike, sanye da fararen riguna, a dogayen tebura, ban ga wanda na sani ba. A bango an haska wani hoto babba, wani rami ne ja mai laushi yana motsi yana naso. Ba wanda ya gaya mini, amma na san cikina ne, ta inda na'urar ta bi. Suna kallo suna cin abinci.

Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. A tsakiyar kowane tebur akwai farantin silba irin na tiyata. A ciki naman da aka kankare daga jikinmu ne, an tara shi kamar dambu, jiƙe, fari-fari da ja. Kusa da shi wani kwano cike da duwatsun da ake cirowa daga ƙoda, kamar soyayyar gyaɗa. Wani mai gilashi yana ɗora naman a sikeli, yana faɗar nauyinsa, ana tafi. Ban ga sun ci naman ba, gaskiya. Amma da safar hannun da yake ɗibarsa, da ita yake gutsurar biredi yana kaiwa baki. Na ga jini a jikin biredin. Yawu ya cika mini baki, na nemi inda zan tofar na rasa.

Aka kira sunana, har da na mahaifina. Mutum biyu suka ɗaga ni suka tsayar a kan tebur, a tsakanin faranti. Aka miƙo mini ƙwarya. Muryar nan ta ce, «A nuna.» Na ce, «A gaban mutane?» Na duba na ga har da mata a cikinsu, wasu ma sa'o'in 'yata. Ban san yadda aka yi ba, na ji dai ina yi. Ya fita da ƙarfi kamar na yaro, ƙwaryar tana amsawa. Ɗakin ya ɗauki tafi. Mai gilashin ya ce, «Wannan ya warke.»

Aka karɓe ƙwaryar, amma abin bai tsaya ba. Yana bin cinyata, yana sauka a tebur, yana gangarawa wajen kofunansu. Na ce, «Bai tsaya ba fa.» Na sake cewa, «Ku duba, bai tsaya ba.» Sun riga sun juya wajen hoton mutum na gaba. Wani ma'aikaci ya zo da tsumma ya goge ƙarƙashin ƙafata, ya matse tsumman a cikin butar shayi, ya zagaya yana zuba wa mutane. Suka sha. Wani har ya miƙa kofi a ƙara masa.

A can ƙarshen tebur na hango Dakta Shu'aibu. Shi kaɗai ne ba ya ci, ba ya tafi. Ya kafa hannu a bayan kunne yana kallona, kamar yana so ya ji abin da nake faɗa amma hayaniya ta hana. Na ɗaga murya, sai fankar sama ta ƙara gudu.

Sai kawai aka kira salla, ɗakin ya koma masallacin layinmu na kasuwa. Fararen rigunan suka ja sahu tare da 'yan kasuwa, har da masu jakunkuna. Liman bai zo ba, aka ce ni zan ja. Na ce ba ni da tsarki. Aka miƙo mini buta. Na tsiyaya a hannu, abin da ke cikin kwalabena ne ya fito, da ɗuminsa. Na yar da butar. Aka ci gaba da tura ni gaba, babbar rigata jiƙe ta manne mini a jiki, duk inda na taka sai sawu ya fito a kan darduma. Na ji mutumin da ke bayana yana ja da hanci. Ban taɓa jin ƙyamar jikina irin ta wannan tsayuwar ba. Da za a ba ni wuƙa a lokacin, ina jin da na yanke rigar har da fatar da ke ƙarƙashinta.

Na ɗaga hannu zan yi kabbara, sai na ga a inda ya kamata bango ya kasance ƙofar ɗakin tiyata ce a buɗe. A bakinta ga gado mai taya, ga ƙanena Ɗanlami kwance a kai.

Nan sai na tsaya in gaya maka abin da yake a zahiri. Ɗanlami ma ciwon ya kama shi. An sa masa roba tun kafin damina ta tsaya, da ita yake zuwa gona, jakar ɗaure a cinya. Su Dakta Shu'aibu sun yi masa tayin shiga binciken nan, ranar Litinin zai ba su amsa. Shekaranjiya ya zo gida ya ce, «Yaya, kai ka riga ni shiga. Abin da ka ce shi zan yi.» Ya san halin da nake ciki, ban ɓoye masa ba. Na ce ya ba ni lokaci.

To a mafarkin mararsa ta kumbura ta yi tsini, tana sheƙi, irin yadda tawa ta yi ranar da aka kwashe ni ina birgima a bayan mota. Gumi yana zubo masa. Ya juyo da kai ya ce, «Yaya, in shiga?»

Na buɗe baki in amsa, na ji shi cike da wani abu. Na sa yatsa na jawo, robar fitsari ce, mai yauƙi, da gishiri-gishiri a harshe. Na ja, tana fitowa daga maƙogwarona. Na ja, na ja, tana taruwa a ƙafata kamar hanjin rago, ba ta ƙare ba. Ɗanlami yana ta kallona. Aka fara tura gadonsa ciki. Dakta Shu'aibu ya matso kusa da ni, ya ce, «Baba, faɗi da ƙarfi, ba na jin ka.» Ni kuwa ban ma san me zan faɗa ba ko da bakin ya buɗe. Idan na ce kada ya shiga, ga mararsa za ta fashe. Idan na ce ya shiga, ga ni nan tsaye a jiƙe.

Ƙofar ta rufe. Sai amai ya taso mini, shi ya tashe ni.

Na farka ana kiran assalatu, na fita tsakar gida da gudu na durƙusa bakin rariya ina kakari, ba abin da ya fito sai ruwa mai ɗaci. Rabi ta biyo ni da buta tana cewa, «Malam, lafiya? Ko abincin jiya ne?» Na ce mata ba komai. Na kasa karɓar butar daga hannunta sai da ta zuba ruwan a ƙasa na gan shi fari.

Ga abin da ya ƙara rikita ni. Da na shiga banɗaki zan canja ƙunzugu kamar yadda na saba kowace asuba, na same shi a bushe. Na taɓa shimfiɗa, ita ma a bushe. Tun da aka yi mini aikin nan ban taɓa wayar gari haka ba sai yau, duk da gudun da na yi da kakarin aman. Da hantsi ya ɗan ɗiga, amma kaɗan.

Shi ne nake tambaya, Malam. Mutum ya kwana cikin najasa a mafarki har wuya, ya tashi a bushe, me wannan yake nufi? Gargaɗi ne aka yi mini in hana Ɗanlami, ko kuwa ƙazantar ce take fita daga jikina ta wannan hanyar? Ko duk damuwata ce kawai ta taru ta zo mini da siffa? Baba Ilu kuma da bai amsa sallamata ba, yana raye kuwa? Ɗanlami zai zo bayan la'asar. Idan ya zauna ya ce, «Yaya, me ka yanke?», me zan ce masa?