Mutumin da Baffa Ya Ce Babana Ne

Shekaranjiya na kai wayata gyara a kasuwar Wurno, sai na tarar mai gyaran ya kwance bayan wani tsohon talabijin yana ɗiga masa dalma. Ƙaurin dalmar ya haɗu da warin albasa daga rumfar maƙwabcinsa, ya daki hancina. Na ja benci na zauna. Bawan Allah ya ɗauka rana ce ta buge ni, har ya miƙo mini ruwa. Ban gaya masa hancina ne ya mayar da ni tsakar gidan kakana ba, wajen shekara arba'in baya.

Na zauna yau ne don in gode muku, ku da kuka bi ni shekara biyu cur kuna karanta dogon labarin nan da nake sakawa kashi-kashi a waya. Wanda bai karanta ba, ga abin da ya ƙunsa. Na ƙaddara cewa talabijin a ƙasar nan a bakin madatsar Goronyo ya faro, manoman albasa da masunta suka haɗa kai suka kafa tasha tun kafin manyan birane su farga. Na ba tashar mai karanta labarai da Sakkwatanci tsantsa, na ba ta 'yan wasan kwaikwayo, na ba ta wani tsoho mai ajiyar kaset wanda bai taɓa zubar da ko ɗaya ba. Babu ko ɗaya da ya faru, duk daga kaina na tsaro. Makon jiya na kammala. Na zaci zan ji sakayau, amma abin da nake ji ni kaina na kasa gane kansa, kuma godiyar ta ƙi fitowa sai na fara gaya muku inda labarin ya samo tushe.

Ban san babana ba. Lebura ne a aikin madatsar tun farkon farawa. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi, ba a yi mako ba ya cika, ina da shekara biyu da 'yan watanni. Bai bar hoto ba, don kakana ba ya shiri da hoto a gidansa. Da Inna ta gama takaba ta koma gidansu a Tursa, can ƙasar Rabah, daga baya ta yi wani aure. Ni aka bar ni hannun Kaka, mahaifiyar babana. In na tambaye ta kamanninsa sai ta ce, "Dogo na," ta goge ido da bakin zane, zance ya ƙare.

Za ku ce me ya hana in tambayi Inna. Ni 'yar fari ce, kuma a gidansu kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Ba ta kiran sunana, ba ta yi mini magana kai tsaye. In ta zo Wurno sai in ji tana cewa da wata, "Ku ba waccan ruwa ta sha," alhali ina tsaye gabanta. Kada ku ce ba ta so na. Man shanu da dawo ba sa yanke mini daga Tursa, sai dai kullum a ce wata gwaggo ce ta aiko. Sunan mijinta kuwa ko da kuskure bai taɓa fita bakinta ba. Yarinya ta tsaya gaban irin wannan uwa ta ce yaya fuskar mijinki take, ai ko a mafarki ban yi wannan ƙarfin halin ba.

Talabijin ya shigo gidanmu ne ta hannun Baffa, ƙanen babana, mai fataucin albasa zuwa Sakkwato. Wata bazara ya dawo da shi ɗaure a bargo, na hannu ne, baƙi da fari. Ya haɗa shi da batirin mota, ya ɗaure eriya a dogon itace jikin rumbu. Kakana ya ce ba dai a zaurensa ba, sai aka ajiye shi a tsakar gida ƙarƙashin rumfar da ake shanya albasa. Doka ɗaya ce: a kunna bayan La'asar, a kashe da kiran Magariba. Muna zaune kan tabarma, zafi na tasowa daga ƙasa, ɓawon albasa na manne mana a ƙafa, akwatin kuma in ya ɗauki zafi ya riƙa ƙauri.

Kwana uku da zuwansa murya ta mutu, hoto kawai ya rage. Baffa ya bubbuga shi ta gefe, ya bubbuga ta sama, shiru. Kaka ta ce a mayar birni a gyara.

"Mi za a gyara?" in ji Baffa. "Ni ba ni da baki na?"

Daga ranar ya kifa turmi kusa da akwatin ya zauna, ya zama shi ne muryar. In mai karanta labarai ya fito da kwat, Baffa ya gyara murya ya ce mutumin yana gaida jama'ar Wurno, kuma ya ce albasa za ta yi daraja bana. In Turawa biyu suka yi musabaha, an sasanta rikicin iyakar gona ke nan. Ƙwallo kullum tsakanin Rabah da Goronyo ake buga ta, ko da 'yan wasan jajaye ne fes. Wata rana aka nuna ƙasar da ƙanƙara ta lulluɓe, Baffa ko ƙifta ido bai yi ba ya ce audugar garin Dinawa ce ta yi kyau. In hoto ya ɗauke allon ya cika da yayyafi, sai ya ce ana sakin ruwa a madatsa, tunda daga can hoton yake zuwa. Mun yarda ɗari bisa ɗari. Har dambe na yi a makaranta da wata yarinya da ta ce ƙarya ne, kuma ni na kayar da ita, saboda haka na ɗauka gaskiya ce ta yi halinta.

Ranar da nake son gaya muku, suna ake yi a gidan, matar Baffa ta haihu. Gida ya cika da mata, Inna ma ta zo daga Tursa. Bayan La'asar aka kunna akwatin don baƙi su gani. Sai ga leburori a allo suna ɗaukar ƙasa a kwano, manyan motoci na kai da kawowa bayansu. Ɗaya daga cikinsu, dogo, ya sauke kwanonsa, ya cire hula ya share gumi, ya dubo mu kai tsaye ya yi dariya. Baffa da bakinsa ba ya hutawa ya yi tsit. Can ya waiwayo ya ce da ni, "Ke, matso nan. Ga ubanki nan. Dube shi da kyau."

Na duba. Doguwar fuska, wushirya, kunnuwa a ɗan buɗe. Ban fi jan numfashi uku ba hoton ya koma kan gonar shinkafa. Kaka tana ɗaki, ko da tana waje ma idonta ya riga ya yi rauni. Baffa ya zare wayar batir tun ba a kira salla ba, ya fita zaure, bai dawo ba sai da baƙi suka watse. Ni kuwa ina zaune inda nake, ban san ko kuka ya kamata in yi ko murna ba, sai na ci gaba da tsince ɓawon albasa daga tafin ƙafata.

Wannan fuskar na riƙe. Ita nake gani in ina yi masa addu'a. Ita na gani ranar da aka kai ni ɗaki, ita na nema a fuskar ɗana namiji tun yana cikin tsumma. Baffa ya rasu ina makarantar horon malamai, kafin in yi hankalin da zan zaunar da shi in tambaye shi. Akwatin ya ƙare a bayan rumbu, kaji suna ƙwai a cikinsa.

Yanzu kun gane dalilin tsohon nan mai ajiyar kaset. Shekara biyu ina gina masa tasha, da ma'aikata, da rigingimu, duk don a kashi na ƙarshe wata mata ta shigo ta ce tana neman babanta cikin leburorin madatsa, ya ɗauko kaset ya saka, ya tsayar da hoton a kan fuskar. Da yawanku kun ce kun yi kuka a wurin. Ni ma da kuka na rubuta.

Sai saƙonninku suka fara rikita ni. Wani daga Rabah ya rantse ya tuna tashar, har ya taɓa shiga cikinta yana yaro. Wata ta ce mahaifiyarta takan rera waƙar buɗe tashar, waƙar da ni na ƙirƙira ina tuƙa tuwo. Da farko dariya na yi. Sannan wani dattijo da ya ce ya yi aikin talabijin a zamanin ya rubuto cikin ladabi. Ya yaba labarin, ya ƙara da cewa a lokacinsu in babu hoton wuri, duk wani tsohon hoton leburori da ke kusa shi ake sakawa, ko na wace jiha ne, wani lokaci ma na wata ƙasa. Taimako ya yi nufi. Ni dai ranar abinci bai wuce mini ba.

Mutumin da ya mayar da ƙanƙara auduga, me zai hana shi mayar da baƙo ubana? Wataƙila ya ga marainiya zaune a taron suna, kowane yaro da ubansa a zaure, tausayi ya kama shi. To amma in ƙarya ce, me ya sa ya yi shiru, shi da ƙarya ba ta taɓa sa shi ko tari ba? Me ya fitar da shi zaure? Kuma in mutum mai hankalinsa zai iya tuna tashar da ba a taɓa ginawa ba, ni wa ya tabbatar mini ba ni na ƙara wushiryar ba? Na rubuta wurin nan na goge, na sake rubutawa, har na daina bambance abin da na gani ƙarƙashin rumfa da abin da na ƙaga da hannuna. Tsoro na ji, tsoro sosai, don fuska ɗaya ce da ni kuma tana neman kuɓuce mini.

Ashe ƙanwata da muke uwa ɗaya tana karanta wa Inna labarin tun daga farko, ban sani ba. Da aka kai ƙarshe Inna ta aiko in zo. Na tafi Tursa gero na fitar da kai, hanya duk laka. Na tarar da ita a ɗaki tana tsintar wake a faifai, ta tsufa. Ta ce da ƙanwata ta ba mu wuri. Tun da nake ban taɓa zama ni da ita mu biyu ba. Na ɗauka faɗa za ta yi mini na kai zancen gida duniya. Can ƙasan raina kuma ina cewa yau dai zan ji gaskiya, tunda duk duniya ita kaɗai ta rage da ta san shi.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ranar sunan nan ina bayan zana. Ni ma na gani."

Na ce, "Inna, shi na?"

Ta daɗe tana juya waken. Sannan ta ce, "Ni ka son tambayarki. Shekara ukku munka yi, rabinsu shina wurin aiki. In ya zaka gida ban iya ɗaga ido in dube shi, kunya. Na san tarinai, na san tahiyatai, na san ƙahwahunai in ya tuɓe takalmi. Huskar kau sai a sace. Wadda nis sata duk ta ɓace min, ta cikin akwatin ga ɗai ta tsaya." Ta ɗago ta dube ni, karo na farko da na ga ƙwayar idonta a kaina. "Ke kin yi boko, kin rubuta, halan kin bincika. Shi na?"

Saƙon dattijon nan yana cikin wayar da ke hannuna. Na ce, "Shi na, Inna."

Ta ce alhamdu lillahi, ta koma kan wakenta. Da zan tafi ta leƙa waje ta ce da ƙanwata, "Ku ɗibar ma waccan wake ta tahi da shi."

A mota ina dawowa na yi ta tambayar kaina ko ƙarya na yi mata. Har yau ban samu amsa ba. Abin da na lura shi ne maganar ta fita bakina ba tare da na shirya ba, kuma bayanta na kasa cewa komai, sai da na fita waje na tsaya jikin katanga. Ko haka Baffa ya ji, ko shi ɗan'uwansa ya gani da gaske, Allah ne masani.

Yanzu zamani ya sauya. Wayata cike take da hotunan 'ya'yana, 'yata ta fari kuwa sunanta nake kira gatsau, kuma ita da mijinta kafaɗa da kafaɗa suke ɗaukar hoto suna washe baki. Ba wanda fuskarsa za ta ɓace wa iyalinsa kamar yadda ta babana ta ɓace. Ina murna da haka, ko da yake wani lokaci nakan rasa abin da zan yi da yawan hotunan.

To, na gode. Na gode wa masu jiran kowane kashi, da masu gyara mini kuskure, da masu zagin tsohon mai kaset don ya cika jan rai. Baba dattijo, kada ka ji komai, gaskiyar aikinka ka faɗa, kai ma na gode. Roƙo ɗaya gare ni. Na san wasunku za su ce za su taya ni neman hoton leburorin nan a duk inda aka ajiye shi. In Allah ya sa wani ya same shi, ya riƙe a wurinsa, kada ya turo mini muddin Inna tana raye. Bayan ranta ma, ku fara tambaya ta tukuna.