Shekarar da Muka Ci Gwangwani Marar Takarda

Babanmu mai gyaran firji ne, amma da za ka tambayi mutanen layinmu abin da suka fi saninsa da shi, ba wanda zai ambaci firji. Cefane za su ce maka. Masu kayan miya a kasuwa ma har laƙabi suka sa masa, Sai-an-tashi, saboda ba ya leƙa kasuwa sai rana ta yi sanyi, masu kaya sun fara ɗaure buhuna, kowa ya gaji yana neman wanda zai rage masa nauyin komawa gida.

Asalin abin daga Umma ne. Nas ce, wani makon aikin safe, wani makon na yamma. Wata rana, ina 'yar ƙarama, ta dawo a gajiye ta miƙa masa jakar cefane ta ce ya taimaka. Ya dawo da jakar tana neman yagewa, ga canji a hannu. Umma ta yi kuskuren yabonsa. Har yau idan zancen ya taso sai ta dafe kai ta ce, “Da na san abin da zai biyo baya, da na ce kayan ba su yi kyau ba.”

Tun daga ranar jakar ba ta koma hannunta ba. Baba ya gano cewa karas mai lanƙwasa da karas miƙaƙƙe duk ɗaya suke a tukunya. Ya gano ƙwan da ya ɗan tsage, da burodin jiya, da tumatir ɗin da ya fara laushi. Ya haɗa maƙwabta ana sayen buhun shinkafa a raba a ƙofar shagonsa, shi ne mai awo, shi ne kuma mai sasanta rigimar da awon ke jawowa. Matattun firjin da masu su suka ƙi zuwa ɗauka ya jera su a tsakar gida suka zama kabad: wannan na shinkafa, wancan na albasa, na kusa da famfo na sabulu. Ɓerayen gidanmu sai da suka rame suka koma maƙwabta.

Yakan taka tun daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan don an ce masa man girki ya fi sauƙi a can. Umma takan juya takalminsa ta nuna masa ƙasan da ya cinye.

“Malam, abin da ka rage a mai, mai gyaran takalmi ne zai karɓe.”

“Sista,” haka yake kiranta, “shi ma ai ciniki zan yi da shi.”

Ba rowa ba ce, kowa ya san haka. Ba a taɓa sauke tukunya a gidanmu baƙo ya tashi bai ci ba. Kaka, mahaifiyarsa, wadda ke zaune tare da mu, ta taɓa gaya mini cewa yana yaro idan ya dawo makaranta tukwane yake fara buɗewa ɗaya bayan ɗaya, ko da ya san ba a hura wuta ba. Ta faɗa tana dariya, amma daga baya ta goge ido da gefen zane.

Shekarar da na gama karatu na fara koyarwa, aka yi wani ruwan sama da ya ɓalle rufin wani babban sito na kayan masarufi. Mai siton ya kira Baba ya duba masa firjin da ruwa ya shiga. Can cikin lungu Baba ya hango tulin gwangwanaye har kusa da rufi. Kwalayensu sun jiƙe sun narke, takardun jikinsu duk sun saɓule, sun yi tsirara suna ƙyalli. Mai siton ya ce ba mai sayen abin da bai san mene ne ba. Baba ya ajiye sukundireba ya gyara tsayuwa.

Da la'asar muka ji ƙugin motar ɗaukar kaya a ƙofar gida. Baba ne a gaba kusa da direba, baki har kunne, yana ɗaga wa maƙwabta hannu. Ni da ƙannena maza muka yi ta jida har bayanmu ya ƙage. Umma ta fito ta tsaya, hannu a ƙugu.

“Malam, mene ne a ciki?”

“Abinci.”

“Wane iri?”

“To ai nan daɗin abin yake, Sista. Kullum sai mun buɗe za mu gani.”

Umma ta ɗauko tabarau ta zauna a kan kujera 'yar tsuguno, ta bi su ɗaya-ɗaya tana duba kwanan watan da aka buga a gindinsu. Duk wanda ya kumbura ko ya yi tsatsa ta wurga shi gefe, Baba yana kawar da kai kamar ana cire masa haƙori. Da ta gama ta kafa doka guda: duk gwangwanin da aka buɗe, a ranar za a cinye shi, ko mene ne.

Haka muka shiga wata irin rayuwa. Da safe a tafasa ruwan shayi, a zaɓi gwangwanin da ake kyautata zaton madara ce, a buɗe, a tarar da tumatir. A dafa shinkafa a nemi tumatir, sai ga abarba yanka-yanka tana iyo a ruwan sukari. Mun ci taliya da abarba. Mun ci burodi da masara. Akwai makon da duk abin da aka buɗe wake ne, har autanmu ya ce ko shi aka buɗe, waken za a tarar.

Kafin a buɗe sai an girgiza a kunne, kowa ya faɗi abin da yake zaton yana ciki, wanda ya fi yin nisa da gaskiya shi ke wanke-wanke. Kaka, da kunnenta ya yi nauyi, ita ta fi kowa daɗewa tana saurare. Ta girgiza, ta lumshe ido, ta ce, “Madara ce.” Kullum madara. Ranar da madarar ta fito da gaske kuwa, ta ce kifi ne. Maƙwabta suka fara shigowa daidai lokacin girki wai aron wuƙa ko gishiri, su tsaya sai an buɗe. Umma da kanta, mai cika tana batsewa a farko, na kama ta ita kaɗai a kicin da gwangwani a kunne.

Ko da muna yi masa tsiya, abin ya yi rana. Watanni aka yi ba a sayi tumatir ko madara a gidan ba, kuma a shekarar ne aka gyara rufin ɗakin Kaka.

A cikin tulin akwai wasu gajeru masu faɗi, masu zobe a murfi. Na farkon da Baba ya buɗe, wani kifi ne mai laushi cikin romo mai kauri. Ya lakata ya ɗanɗana, ya ce wannan irin wanda ake ba manya ne a cikin jirgin sama. Washegari duk gajerun suka ɓace daga tsakar gida. Ya kwashe su ya kai shagonsa ya kulle. Kullum da hantsi zai buɗe ɗaya, ya shafa a burodi, ya ci yana kaɗa ƙafa. Mu ko ɗanɗano. Kaka kaɗai ya taɓa miƙa wa, ta shinshina ta ce a kai kasuwa.

A lokacin ne na ce wa Umma akwai wanda yake son ya zo ya gaida Baba. Dogo ake ce masa, ma'aikaci ne a asibitin dabbobi, mutum mai kunya har tana ba ni haushi. Umma ta ja Baba gefe ta roƙe shi, don Allah ranar kada a ga gwangwani ko ɗaya. Ta yi cefane da kanta a ɓoye, da tsada, ta yi girki na gani na faɗa.

Dogo ya zo da yamma, ya durƙusa ya gaida Baba, ya ƙi hawa kujera. Baba ya yi masa tambayoyi, kuma rabinsu a kan kasuwa ne: ina yake sayen albasa, yana taya farashin farko ko yana jira. Dogo ya ce shi sai ya zaga kasuwar duka kafin ya sa hannu a aljihu. Na ga fuskar Baba ta saki. Ya miƙe ya fita. Ni da Umma muna bakin ƙofar falo da tire a hannu, muka kalli juna.

Ya dawo da burodi da gajeren gwangwani guda biyu.

“Ɗana,” in ji shi, “wannan ko 'ya'yan cikina ban ba su ba.”

Ya ja zoben, murfin ya buɗe. Ƙamshin na isa hancin Dogo na ga ya yi tsuru. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya gindin gwangwanin ya dubi lambobin, ya ajiye a hankali. Gumi ya keto masa. Baba ya shafa masa a burodi da kauri, ya miƙa.

“Ci mana. Kada ka ji kunya, nan gida ne.”

Dogo ya yi bismilla ya gatsa. Ya tauna, ya haɗiye, ya sake gatsa. Sai da ya cinye tas. Baba ya ja zoben na biyu.

“Baba,” Dogo ya faɗa kansa a ƙasa, “a gafarce ni. Akwai maganar da in na yi shiru na ci amana.”

“Faɗi, ɗana.”

“Wannan muna sayar da shi a wurin aikinmu.”

“Ka ji ko, Sista? Har asibiti ake sayar da shi.”

“Na kyanwa ne, Baba.”

Na ƙanƙame tiren ina danne dariya. Umma ta cusa gefen mayafi a baki. Daga ɗaki Kaka ta ɗaga murya tana tambaya me aka ce, autanmu ya je ya faɗa mata a kunne da ƙarfi yadda har maƙwabta suka ji.

Baba ya dubi gwangwanin ya daɗe. Sannan ya ce, “Yana kisa?”

“A'a, Baba. Kifi ne zalla, mai tsabta.”

“Kyanwar da ke cinsa, ramewa take yi?”

“Ƙiba take yi. Gashinta ma har sheƙi yake.”

Baba ya kai hannu ya shafa sanƙonsa a hankali. Nan Umma ta kasa, ta zame jikin bango ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye. Ni ma na dire tiren na bi ta. Dogo ya yi ta danne tasa, kafaɗunsa suna rawa, yana cewa a yi haƙuri. Baba ya sha mur na ɗan lokaci, sai shi ma ya fashe, yana buga cinya.

Da dariyar ta lafa ya goge ido ya matso kusa da Dogo.

“Tsaya tukuna. Da shi da kifin gwangwani na mutane, wanne ya fi tsada?”

“Wannan, nesa ba kusa ba. Masu hali ne ke saya wa kyanwoyinsu.”

Baba ya waiwayo ya dubi Umma da wani irin kallo na wanda ya ci shari'a. Kafin a zuba abinci ya ja Dogo zuwa shago, suka dawo suna magana ƙasa-ƙasa kamar tsofaffin abokai. Cikin makon Dogo ya haɗa shi da wata dattijuwa mai tarin kyanwoyi da ke kai su asibitinsu. Ta zo da kanta, aka buɗe ɗaya, kyanwarta ta lashe har gindi, ta kwashe sauran gaba ɗaya. Abin da ta bayar ya cika firjin shinkafa da na sabulu, har da man girki. Baba ya rage guda bai sayar ba. Ya ce na tarihi ne, amma bayan kwana biyu na ga gwangwanin a shara, an suɗe shi.

Maganar aurenmu ba ta sha wahala ba. Baba ya ce mutumin da zai cinye abu don kunya, sannan ya faɗi gaskiya don amana, ba a barinsa ya wuce.

Yanzu gwiwoyinsa sun fara ciwo, ya bar wa babban ƙanena shagon. Umma ta yi ritaya, tare suke zuwa kasuwa, ita tana saye shi yana bayanta yana tsaki. Sai dai kunnensa na nan a buɗe. Watan jiya ya kira ni a waya yana raɗa.

“Ina mijinki? Wani gidan gona zai sayar da kajin da suka rage yin ƙwai, kusan kyauta. Ya zo da motarsa, ya duba mini lafiyarsu tun a can.”

Na ji Umma ta fizge wayar. “Kada ku zo. Kin ji ni? Ina zan sa kaji a gidan nan?”

Muka je. A hanyar dawowa Baba yana gaba da kaza a cinya, ni da yaranmu muna baya cikin fukafukai da kuka, wata kaza ta haye kan kujerar direba tana leƙen hanya. Muna shiga layinmu ɗaya ta saki ƙwai a cikin hular Baba da ya ajiye a gefe. Ya ɗaga shi sama yana nuna wa Umma tun daga nesa, ita kuma tana tsaye a ƙofar gida, ta riga ta share wani lungu ta zuba dusa a faranti.