Ragowar Baba

Gwaggo, yayar babanmu, a bakin murhu ta ƙare ƙuruciyarta. Tun tana budurwa take dafa wa ma'aikatan wata masaƙa abincin rana, har gwiwoyinta suka gaza, aka sallame ta da agogon bango da bai taɓa faɗin gaskiya ba. Ba ta haihu ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa, amma duk babban hutun shekara a gidanta dangi ke taruwa, a ci kaji da shinkafa har a kwance ɗamara.

Sai an watse aikinta na gaske ke farawa. Ba wanda ya isa ya kwashe faranti, wanda ya gwada ya sha baƙar magana. Ita kaɗai za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta juye ragowar kowa a kwanonsa mai murfi. Ta san wanda ke barin fatar kaza, ta san mai tsince albasa ya tara a gefe. Ko ƙwayar shinkafar wani ba ta yarda ta shiga kwanon wani ba.

A kwanakin da suka biyo sai ta shiga sarrafawa. Shinkafa ta soyu da ƙwai, ƙashin kaza ya zama romo da dankali, busasshen burodi ya jiƙu a ciki ya yi laushi. Wallahi ya fi na ranar taron daɗi. Ta jera kwanukan a kan kantar kicin, ta ɗauki waya: “Zo ka ƙarasa abincinka.”

Dokarta ita ce, wanda ya bar loma a gidanta lomar na jiransa, in ya dawo ya ci zai ga baɗi. Ni dai na ce camfi ne, wayo ne na tsohuwar da kaɗaici ya isa, tana neman mai taya ta hira. A gabanta na faɗa. Ta ce bakina ya fi kaina girma.

Abu ɗaya ne na kasa yi wa bayani. Kwanukan nan ba sa hucewa. Ba wuta a ƙarƙashinsu, ba rana a kansu, amma ka ɗora hannu a murfi ka ji ɗumi kamar goshin mai barci, kuma abincin bai taɓa lalacewa ba kafin mai shi ya zo. Shekarar da Baffa direba, autansu Baba da suke uba ɗaya, ya yi dariya ya ce a ajiye masa nasa sai ya kai kaya ya dawo, ina kicin ɗin da rana tsaka ina yanka albasa. Gwaggo ta taɓa kwanonsa, ta janye hannu da sauri.

“Zo ki taɓa,” ta ce min.

Sanyi ƙarara, na gefensa kuwa duk da ɗuminsu. Ban ƙarasa albasar ba waya ta yi ƙara, aka ce motarsa ta kife. Daga ranar na daina dariya, ko da yake ban daina cewa camfi ba, don ni ma ina da taurin kaina.

Sai shekarar da ciwo ya kama Baba. Mai gyaran keken ɗinki ne, mutum mai ci kamar gara, amma ya rame har zobensa na zamewa. Asibiti sun ba da magani, ba sauƙi. Ranar taro ya ɗibi ɗan kaɗan don kada a yi magana, ya tsakura, ya bar abin da bai fi loma ba. Gwaggo ta daɗe tana kallon farantin.

“Wannan ba za ta riƙe mutum ba,” ta ce, ba da ni take ba.

Ta dafa, ta kira shi, ya ƙi zuwa. “Ki ce wa Yaya ni ba yaro ba ne,” in ji shi. “Cikina ba ya karɓar komai, ita tana maganar ragowa.” Kullum sai na bi ta gidanta na taɓa murfin, ni mai cewa camfi. Kullum ɗumin na raguwa. Na ji tsoro, tsoron da ban taɓa ji ba, don na san abin da sanyin kwano ke nufi.

Wata rana da yamma ta miƙo min kwanon a naɗe cikin tawul, da zafinsa har yana ƙona tafin hannu, ga nauyi. Na zaci dankali ta ƙara.

“Kai masa shago. Ki tsaya a kansa, kar ki dawo min da ko romo.”

Na same shi zaune cikin kekuna da ƙamshin man inji. Na buɗe kwanon, ban roƙe shi ba, na ce ba inda zan je. Ya yi tsaki, ya kai cokali ɗaya don ya rabu da ni. Sai na biyu. Gumi ya keto masa, ya ci gaba da ci ba ɗaga kai, ya ɗaga kwanon ya shanye romon. Yana tsotsar ƙashin ƙarshe sai ya tsaya, ya cire shi daga baki yana juyawa.

“Ni ban ɗibi wuyan kaza ba,” ya ce.

Duk danginmu mutum ɗaya ce ke cin wuyan kaza. Ban jira ya miƙe ba, na fita da gudu.

Gwaggo na zaune a kujerarta ta tsugunno, hannu a cinya. A kan kantar kicin ga kwanonta, wanda take ci a ƙarshe bayan kowa ya zo ya tafi, an wanke an kife.

“Ya cinye?”

“Gwaggo, me kika yi?”

“Girki na yi, 'yar nan. Ya cinye ko bai cinye ba?”

“Tas.”

“To, alhamdulillahi.” Ta dube ni tana murmushi. “Mene ne na kuka? Ba ke kika ce camfi ne ba?”

Na riƙe hannunta. Hannun da ya yi shekara da shekaru a bakin wuta, ga shi da sanyi kamar an tsamo shi daga randa.

Baba ya warke, likitoci suka ce maganin ne ya karɓe shi, ban yi musu da kowa ba. Gwaggo ba ta yi wani ciwo ba, ci kawai ya riƙa janyewa, ba ta kai taro na gaba ba. Baba bai taɓa tayar da zancen ba sai rana ɗaya a shago, kansa sunkuye yana ɗaure wata ƙusa. Ya ce, “Da uwarmu ta rasu ban yi haƙori ba. Yaya ke taunawa ta sa min a baki.” Sai ya ce in miƙo masa man inji.