Yadda na koma aji biyu da gemuna

Shekarun baya, cikin wani rani, na koma aji biyu na firamare da gemuna da 'yar furfurata. Ba neman ilimi ya kai ni ba, ko da yake malamin ajin ya ce da na nema, da bai yi mini yawa ba.

Matata ce ta rasu, Allah ya jiƙanta. Ta bar mini ɗiya ɗaya. Yarinyar ta fita makaranta da safe ta bar uwarta tana tankaɗe a tsakar gida, ta dawo da azahar ta tarar da tabarmi a ƙofar gida da mutane zazzaune. Iyakar abin da zan faɗa kan wannan ke nan.

Bayan an share makoki ta koma makaranta, amma ba ta zama. Da hantsi ya yi sai ta sulale daga aji. Ba ta kuka, ba ta faɗin komai. Nan take kowa a gidanmu ya zama likita. Mahaifiyata ta ce iska ce, ta yi ta turara ta da hayaƙi har kaji suka ƙaurace wa ƙofar ɗakin. Ƙanena ya ce bulala ɗaya ta isa. Ni kuwa ina fadama wajen Goronyo ina ba albasa ruwa. Na ɗauka in na yi shiru abin zai wuce, don haka nake yi da nawa.

Malamin ajinsu, wani dattijo mai tsohon keke, shi ya bi ta a baya wata rana ba ta sani ba. Da la'asar ya same ni a gona. Muka gaisa, ya jingine keken.

"Ka san inda ɗiyakka taka zuwa in ta gudu?"

Na ce gida.

"Nan taka tahowa. Ta laɓe bayan giginyar can ta dube ka. In ta ga kana motsi, ta juya. Ba makaranta taka gudu ba. Dubawa taka yi ko kana da rai."

Na kashe injin ban-ruwa, don na rasa abin da zan yi da hannuna. Can na ce, "To mi za a yi, Malam?"

"Ka taho makaranta gobe."

"In kawo ta?"

"Ka kawo kanka. Ka zamna kusa gare ta har a tashi. Na yi magana da hedimasta."

"Albasa hwa?"

"Albasa ana dasa wata."

Abokina, wanda gonarsa ke jikin tawa, ya yarda zai riƙa ba ta ruwa, amma sai da ya gama dariyarsa. Ya ce tare muka gudu daga makaranta muna yara, ga shi ni an kamo ni. Da safe mahaifiyata ta ba yarinyar kuɗin tara, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ma in ba ka, ko ka karya?"

Bencin aji biyu ba a yi shi don magidanci ba. Da na zauna, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Yara suka yi tsit suna kallona, sai malam ya ce, "Wanga sabon ɗan ajinku na. Ku riƙe shi amana." Ɗiyata ta kama gefen rigata da hannun hagu, ta ci gaba da rubutu da na dama. Ranar ba ta fita ba har aka tashi.

Yara suka ɗauki maganar malam da gaske fiye da yadda ya nufa. Monitar ajin wata 'yar siririya ce mai ƙaton hijabi, ba ta san sani ba, ba ta san sabo ba. Wata safiya na tsaya sallamar masu sayen albasa muka makara, ta tare mu a ƙofa.

"Baba, kun yi latti."

"Ki yi haƙuri, ɗiyata, baƙi nig gani."

"Kowa haka shika cewa. Ga leda can, ku tsince."

Na duba wajen malam ko zai cece ni, sai na ga ya duƙufa kan allo yana goge abin da ya riga ya goge. Haka na bi filin makaranta ina tsintar ledar fiya wata, mata masu zuwa rijiya suna gaishe ni da aiki.

Da jin kunya ya sake ni, sai na fara taimako. Ƙawar ɗiyata da ke zaune a ɗaya gefena tana fama da lissafin ragewa, na karɓi fensirinta na yi mata duka. Ni da nake lissafin buhuna a ka, me zai gagare ni a aji biyu? Da malam ya maido littattafai, ta daɗe tana kallon nata, sannan ta ce a hankali, cikin ladabi, "Baba, don Allah ka bar taimakona."

A nan na ji ɗiyata ta yi dariya. 'Yar gajeriya ce, ta toshe baki da hannu. Rabona da jin ta tun uwarta na da rai. Na sunkuyar da kai kamar kunyar lissafin ce ta kama ni.

Ranar da mai duba makarantu ya zo daga ofishin ilimi ba wanda ya tuna da ni. Ya shigo da hedimasta, muka miƙe gaba ɗaya muka rera masa gaisuwa, muryata tana ƙasa kamar ta bajimi cikin 'yan awaki. Ya tsaya ya cire tabarau.

"Wancan hwa?"

Hedimasta ko ƙifta ido bai yi ba. "Maimaita aji shika yi, ranka shi daɗe."

Sai a ofis ya yi masa bayani. An ce mutumin ya tambaya ko ba a samun benci mai ɗan tsawo.

Malam bai bar ni wuri ɗaya ba. Da ya ga ta saki rigata, sai ya maida ni bayan aji. Daga nan ya fitar da ni bakin taga. Daga taga ya tura ni gindin dogon yaro, wajen masu tallan awara, inda in ta ɗaga kai za ta hango hulata. Kowane sauyi sai ya sa na faɗa mata da bakina tukuna. Abokina, da ya gaji da ban-ruwan gona biyu, ya kawo shawara a kafa sanda a gindin itacen, a sa mata rigata da hulata kamar yadda ake yi wa tsuntsaye a gonar shinkafa. Ya ce ba wanda zai ga bambanci, ko a wajen lissafi. Na kai wa malam maganar cikin raha, amma shi bai yi dariya ba.

"Ɗiyar da anka shammata sau ɗaya ta, ran rasuwar uwatta. Kada a koma."

Wata rana da aka fito tara, sai ga ta ta nufo ni da ƙawarta. Ta tsaya tana murza bakin hijabi.

"Baba, ka tahi gona. An ce albasarmu ta hi ta kowa ramewa."

"Wa yac ce?"

"Kowa."

Na ce to. Na miƙe ina kaɗe riga, sai ta ce, "In an tashi ina iske ka?"

Bakina ya buɗe zai ce ƙwarai, na kama shi. Na ce, "In Allah ya so."

"Innata ma haka tac ce rannan."

Na durƙusa har muka yi tsawo ɗaya. Na ce mata ba ni da ikon yi mata alkawarin rai, ba wanda yake da shi. Amma ba zan je ko'ina ban faɗa mata ba. In ta ji tsoron ya taso, ta gaya wa malam, ya ce zai ɗauko ta bisa keke ta zo ta gan ni. Ta yi tunani, sannan ta ce keken malam ba ya da burki. Ta ja hannun ƙawarta suka koma.

Washegari na raka ta ƙofar makaranta, na juya zan tafi fadama, sai na tsinci kaina a gindin dogon yaron nan zaune. Haka ma rana ta biyu. A rana ta gaba malam ya fito ya zauna kusa da ni, ya sayi awara ya miƙo mini.

"Mun sallame ka, ka sani."

"Na sani, Malam."

"Kai hwa, kana samun kwana?"

Tun rasuwar kowa ce mini yake in yi haƙuri. Ba wanda ya tambaye ni wannan. Na ce masa ba sosai ba. Na ce cikin hayaniyar yaran nan kaɗai nake jin kaina ya yi sauƙi. Bai yi mini wa'azi ba. Ya saurara har awarar ta huce, sannan ya ce in riƙa zuwa ran Alhamis bayan an tashi mu yi hira, amma sauran ranakun in je in ceci albasa.

Albasar shekarar ba ta yi abin kirki ba, kuma har yau abokina yana ɗora laifin a kan boko. Yarinyar ta nemi keken malam sau ɗaya ko biyu, daga nan ba ta ƙara ba. Yanzu tana sakandare a Wurno, tana kwana can.

Abin da na gane shi ne, yaro ba ya cewa tsoro nake ji. Gudu yake yi, ko ya yi shiru, mu kuma mu nemo bulala ko hayaƙi. Babba ma haka yake, sai dai shi ba mai bin sa a baya ya ga inda yake zuwa. Rashin uwarta bai bar ni ba, ban kuma sa ran zai bar ni ba. Ranar da na kai ta makarantar kwana, ita ta riga ni juyawa. Ni na tsaya a bakin ƙofa har maigadi ya zo ya tambaye ni ko na yi mantuwa. Na ce a'a, na hau babur na kama hanyar gida.